Filogin da Ba Ya Tsinkewa

Duk wanda ya ba ku labarin Mai Filogi, in ba ni ba, a bakin wani ya ji. Ni na yi dakon kayansa da kaina, tun yana fitar da kwali ɗaya har ya kai ga cika mota. Ban taɓa zama a aji ba, amma na ga farkon gidan nan na ga ƙarshensa, ga ni kuma har yau ina tauna ƙashi da haƙorana. To ku natsu ku ji.

Shagonsa na ƙarshen layin masu gyara, ɗan ƙuƙut, kullum cikin ƙaurin narkakkiyar roba. Da ɗan injin matsi na hannu yake aiki, da wani ƙarfen zubi da ya goge da kansa. Abin da yake yi shi ne kan wayar lantarki, wato filogi, da wuyan robar nan da ke rungume waya a inda take shiga dutsen guga ko fanka ko butar dafa ruwa. Waya ba ta mutuwa a tsakiya. A wuya take mutuwa, inda ake lanƙwasa ta ana fizga. Maganin abin kuwa ya san shi sarai: a yi wuyan da tsawo, gindi da kauri, baki siriri, a tsattsaga jikinsa yadda lanƙwasa za ta bazu, kada ta taru wuri ɗaya. Aikinsa na da kyau, yana kuma ci da mutum uku: tsohuwarsa, matarsa, da 'yarsa tilo wadda yake kira 'yar baba.

Sai dai zuciyarsa ta fi shagonsa girma.

Wata rana wakilin wani kamfanin dutsen guga ya zo, ya ɗaga filogi ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Malam, wannan wutsiyar fa? Kwalinmu ƙarami ne. Muna son kai kamar ɗan yatsa, wuya gajere, kuma kada ya tsinke. In ka iya, duk abin da muka ƙera kai za ka sa wa waya."

Daga ranar Mai Filogi bai sake cin abinci da daɗi ba. Ya rage tsawo, ya ƙara kauri, ya sauya roba, ya sauya tsaga. Duk wanda ya zuba, in ya kama shi ya yi ta lanƙwasawa, can sai tagulla ta leƙo tana masa dariya. Matarsa takan kawo masa abinci ta tarar da shi cikin tarin gutsattsarin waya.

"Maigida, wai kai da robar nan wa ya auri wani? Ka bar ta da wutsiyarta mana, mu ba mu ce mun gaji da ɗaki biyu ba."

"Ke ba ki gaji ba. Ni na gaji."

Mai sayar masa da roba ne ya raɗa masa labarin wani tsohon boka da inda zai same shi.

Da rana tsaka ya tafi, bayan filin da ake zubar da matattun motoci. Ɗakin bokan ba taga, ƙofar sai an sunkuya. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga igiyoyi. Daga rufi suke saukowa, sun fi gaban ƙirga, wasu na zare, wasu na gashi, wasu na abin da bai so ya gane ba. Ba abin da aka rataya a ƙarshensu, amma kowace a miƙe take ƙam, tana rawa a hankali, kamar akwai mutum a ƙasa da ido ba ya gani. Ɗakin duk yana wani amo siriri. A tsakiya tsohon na zaune da kasko na hayaƙi a gabansa, yana murza zare a cinyarsa. Bai ɗago ba.

"Mai roba. Ƙaurinka ya riga ka shigowa. Dukiya kake so ko suna?"

"Duka biyun, Baba."

"Kowa haka yake cewa. Faɗi."

Ya faɗa. Bokan ya yi wata dariya ba sauti.

"Kai da sana'arka. In an ja waya, wa ke ɗaukar jan?"

"Roba."

"In robar ta yi gajarta?"

"Sai tagulla ta ɗauka, ta tsinke."

"To ka gani. Ja ba ya ɓacewa. Sai dai a samo masu ɗauka."

Mai Filogi ya ce, "Ni fa ba na zubar da jini, Baba. In da yanka a ciki, in tashi."

"Wa ya ce jini? Ko kaza ba na so. Ka kawo mini zare ɗaya-ɗaya daga wuyan rigar duk mai ci daga hannunka, don arzikin ya san gidan da zai zauna. Shi ke nan."

"Masu ɗaukar fa, su wane ne?"

Sai a nan bokan ya ɗago ya dube shi. "Kana so in faɗa maka?"

Igiyoyi na ta amo. Mai Filogi ya dubi ƙasa, ya ce a ransa aljanu ne, ai aikinsu ke nan. Bai sake tambaya ba. Wannan shirun shi ne cinikin.

Washegari ya dawo da zare huɗu da ƙarfen zubinsa. Bokan ya ware guda ya miƙa masa. "Naka ne wannan, riƙe abinka. Kai mai kallo ne." Sauran ukun ya haɗa su da silin tagulla, ya tofa musu yawu, ya murza, ya ratsa da su cikin hayaƙi yana motsa baki. Ya yanke igiyar biyu. Rabi ya ƙona a cikin ƙarfen zubin har toka ta shige ƙarfe ta ɓace. Rabi ya ɗaura a rufi. Igiyar ta yi lilo kaɗan, sannan ta miƙe ƙam ita kaɗai.

Filogin farko da ya fito, ɗan mitsitsi ne, baƙi, sumul, wuyansa bai kai gaɓar yatsa ba. Ya lanƙwasa shi har hannunsa ya gaji. Ko alama.

Arziki ya zo kamar an fasa madatsa. Kamfanin guga ya ɗauka, na fanka ya biyo, na buta ya roƙa. Ya sayi layin shagunan ya rushe, ya gina bene, ma'aikata a ƙasa, iyali a sama. Don kuma duniya ta shaida, ya ƙera wani inji ya kafa a bakin ƙofa: hannun ƙarfe ne riƙe da filogi, an rataya wa wayar dutse, yana kai ta hagu yana kai ta dama, ƙas, ƙas, ƙas, tun safe har a tashi aiki. Mutane na taruwa kallo. Ya sa shela cewa duk ƙaton da ya tsinka wayarsa, fanka kyauta. Ni dai ban taɓa sa hannu ba, ko da yake a lokacin ba mai ƙarfina a layin. Jikina bai ba ni ba, jikina kuwa bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Tsohuwa ce ta fara kuka da wuya. Aka ce tsufa ne, aka sayo mata matashin kai mai laushi. Ranar da 'yan dako suka rabu gida biyu suka kama waya ɗaya suna ja, jama'a na ihu, shi yana tafi, tana zaune a sama tana tsefe wa jikarta kai. Yarinyar ta ce ta ji wani ɗan sauti ne kawai, kamar an karya tsinke, sai hannun kakarta ya tsaya a cikin gashinta.

Likita bai ga komai ba. Aka yi makoki, aka koma aiki.

Sai matar. Ciwon na tashi da sassafe, lokacin da gari ke gugar kayan fita, ya sake tashi da yamma. Daga baya ya daina sauka. Kanta ya fara kaiwa hagu yana kaiwa dama, ba ta iya tsayar da shi, ko an riƙe. Ta rame har zobenta ya zube. Ta fara maganar da ba a gane ba: "Ga wata can ta fizgi buta. Wayyo, yaron nan ya taka, ku ɗaga shi." Aka ce taɓin hankali ne. Ya kai ta duk inda aka ce akwai magani. Yarinyar ma ta fara tafiya da hannu a ƙeya.

Wata rana da azahar yana zaune a bakin gadonta aka ɗauke wuta a gari duka. Fanka ta tsaya. A ƙasa, ƙas-ƙas ɗin injin ya yanke. Kan matar ya tsaya cak.

Ta buɗe ido ta dube shi, duban da ya manta da shi. "Maigida, ba ni ruwa." Ta sha, ta ajiye numfashi. "Kai, dubi yadda ka yi furfura. Wa ya ce ka tsufa ba ka jira ni ba?" Har ta yi dariya. Ta kira 'yarta ta rungume, ta ce gobe za ta tashi ta gyara ɗakin nan da suka mayar kamar shagonsa na da. Ya riƙe hannunta yana murna yana hawaye.

Aka kawo wuta. Ƙas, kanta ya tafi hagu. Ƙas, ya tafi dama.

Ya saurari injin, ya dubi matarsa. Ya sake saurara. Abin da ya ƙi tambaya a ɗakin igiyoyi, ga shi an ba shi amsa a kan gadonsa. Ya sauka a guje ba takalmi, ya ɗauki guduma ya ragargaza injin a gaban ma'aikata. Amma inji ɗaya ne a ƙofarsa, filoginsa kuwa yana cikin kowane gida. Ba ta ga ƙarshen watan ba.

Ya koma wurin bokan, ya faɗi a ƙasa. A rufi ya ga igiyarsa: sili biyu sun saki suna reto, ɗaya ya rage, siriri, yana kuka shi kaɗai.

"Baba, mayar da shi kaina. Ga wuyana. Ga zarena, ban yar ba."

"Na ce maka kai mai kallo ne."

"Zan fasa ƙarfen zubin."

"Fasa. Waɗanda suka riga suka fita fa? Abin da mutum uku suka raba, yanzu ita kaɗai ke ɗauke da shi. Kai ka ce kada ya tsinke. Ba zai tsinke ba."

Ya fasa ƙarfen. Ya sayar da benen da motocin, ya bi gida-gida yana roƙo a sayar masa da wayoyinsa. Wa zai rabu da abin da ba ya lalacewa? Yawan roƙonsa ma sai ya sa aka ƙara riƙewa. Da abin hannunsa ya ƙare, ya ɗauki almakashi ya dinga faɗawa shagunan masu wanki da guga yana datse waya. Aka yi masa duka, aka ɗaure shi, aka sake shi, yara na binsa suna kiransa mahaukaci.

Suka koma ɗaki ɗaya, shi da 'yar baba. Ba ta barci. Ba ta ma da ƙarfin kuka. In ya shigo sai ta juyo da ido kawai, don wuyan ba nata ba ne.

"Baba, yaushe za a ɗauke wuta?"

"An kusa, 'yar baba."

"Jiya ma haka ka ce. Ko kaɗan ne, in ɗan runtsa."

Da safe ya wanke mata fuska, ya gyara mata matashi, ya kai ta ɗakin gwaggonta. Ya ɗauki babban almakashinsa na yankan waya, ya nufi bakin gari, inda manyan wayoyi ke shigowa a kan dogayen ƙarafa. Shi da ya yi rayuwarsa cikin lantarki, ya san abin da ke can sama fiye da kowa. Da ya fara hawa, masu wucewa suka yi ta yi masa ihu. Bai waiwayo ba.

An ji ƙarar har kasuwa. Gari ya yi tsit, ba guga, ba fanka, ba buta, har kwanaki. Gwaggon ta ce yarinyar ta yi barci kamar jaririya, ta farka ta ci abinci, ta tambayi ina babanta, ta sake komawa barci kafin a samo abin da za a ce mata.

Sannan aka gyara wayar.

Tana nan da rai. Ta girma a hannun gwaggonta, kai a karkace, furfura tun ba ta isa ba. Dutsen guga yakan mutu, buta takan ƙone, amma mutane sai su cire wayar Mai Filogi su sa wa sabon, suna yaba aikin marigayi. In kana zaune da ita kuna hira, sai ka ga ta runtse ido, sannan ta ce, "Ci gaba, Kawu, ya wuce."

Ku masu ƙuruciya da ke ganin ɗaki biyu ya yi muku kaɗan, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku abin da ba ya lalacewa, ku tsaya ku tambaye shi wa zai lalace a madadinsa, ku kuma jira amsa. Mai haɗama ba shi ke biya ba. Waɗanda suka ce masa sun gode da ɗan abin da ke akwai, su ake aika wa da lissafin.

In kuma kun tashi cire guga daga bango, ku kama kan filogin ku zare a hankali. Kada ku fizgi wayar. Ba ku san ta wa ce ba.