Fasinjojin Baffa

"Ki taka asibitin nan, Muhsina, ki nemi wani uban!"

Baffa ne, mahaifina, ya tare bakin zaure yana nuna ni da carbi.

"Baffa, magana ɗaya ce fa... Ka ce kai ka haɗa shi da mutanen nan. Shi ke nan!"

"Su kama ni? Shekara talatin ina dillancin shanu a Maigatari ba a taɓa kai ni gaban hukuma ba. Ƙaddararsa ce."

Ƙaddara! Da ita muke lulluɓe duk ɓarnar da muka yi da hannunmu.

Usaid ne ke kwance a asibitin, saura wata biyu a ɗaura mana aure. Direba ne a Kano, irin waɗanda ake kira ta manhajar waya, motar kuwa ta wani Alhaji ce. Dokar Usaid ɗaya: ba mai shiga sai ya kira ta manhaja, sunansa da lambarsa sun fito, kamfani ya san da tafiyar. Bara aka yi wa abokinsa ƙwace, bai rayu ba.

Ranar Alhamis ya zo Gumel gaishe mu. Bayan azahar sai ga Baffa ya dawo daga kasuwa da wasu mutum biyu cikin shadda.

"Baƙina ne, za su Sule Tankarkar duba shanu. Ka kai su."

Ina bayan labule. Usaid na durƙushe, kansa a ƙasa.

"To Baffa... ko za su ɗan kira ta waya, don..."

"Waya? Ni in kawo mutum, sai waya ta shaide shi?"

Bai ƙara ba. A wurinmu wanda ya maimaita wa surukinsa tambaya ya zubar da tarbiyyar gidansu. Da kansa ya buɗe musu ƙofar mota.

Baffa ko sunayensu bai sani ba. A wurin mai shayi ya gamu da su da safe, suka yi ta kiransa sarkin dillalai, shi kuma ya hau alfahari da surukinsa mai mota mai sanyi.

Da la'asar makiyaya suka tsinci Usaid a wata gonar riɗi, an sare shi a kafaɗa, yatsunsa biyu babu. Mota ta tsallaka iyaka. Kamfani ya ce bai san da tafiyar ba. Alhaji mai motar ya ce haɗa baki aka yi, in ba haka ba me ya hana shi kunna manhaja?

Yau kuwa, a bakin zauren, na raɓa ta gefen Baffa na fita, Umma na kirana tana kuka.

Na sami Usaid a asibiti da ankwa a ƙafa, an haɗa da ƙarfen gado. Ɗan sanda na zaune da littafi a cinya.

"Sanyin idona... me ya kawo ki?"

Na juya ga ɗan sandan na faɗi komai, har maganar bayan labule.

"Kai, gaskiya ne?" in ji ɗan sandan.

Usaid ya juya fuskarsa bango.

"Ranka ya daɗe, a bakin tasha na ɗauke su. Mahaifinta bai taɓa ganinsu ba."

"Usaid!"

"Tausayina ne ya sa ta."

Ɗan sandan ya dangwala masa babban yatsa a takarda, ya harare ni, ya fita.

"Ka san abin da ka yi? Gidan yari za su kai ka!"

"In na ambaci sunan Baffa, Muhsina, da wane ido zan ƙara shiga zaurenku? Wa zai ba ni ke? Ki bari... in na fito, ko shekara nawa ne..."

Na so in yi shiru. Wallahi na so.

"Jiya aka mayar wa gwaggonka lefe. Baffa ya ce ba zai ba ɓarawon mota 'yarsa ba."

Ya daɗe yana kallon ƙofar da ɗan sandan ya bi. Leɓensa na motsi, na ɗauka zai ƙwala masa kira. Na riƙe hannunsa mai bandeji ina roƙonsa.

"Kira shi, masoyina... bai yi nisa ba. Don Allah ka kira shi!"

A hankali ya zare hannunsa daga nawa.

"Je ki gida," in ji shi. "Kada ran Baffa ya ɓaci."