Ganyen Titin Gwiwa

Na gaji da zuwa jana'iza saboda titin nan da ya tashi daga Roni zuwa Gwiwa. Mutane na cewa kwanar da ke titin ce mai haɗari. Ba kwana ba ce. Daudu ne.

Direban haya ne, da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. Yana ci yana sha, bai gode Allah ba. Ya hau duwatsu wurin wani boka.

Kogo ne mai ƙarni. Baƙar tukunya na tafasa a kan murhu, babu wuta a ƙarƙashinta. Bokan ya sa shi ya ɓamɓaro kwalta daga bakin titin, ya jefa ciki, ya yanka baƙin zakara a kai. Hayaƙin warin ƙonanniyar taya yake.

Daudu ya ce, "Motoci nake so, Baba. Amma ban da jinin gidana."

Bokan ya ce, "Wa ya ambaci gidanka? In mota ta mutu a hanya, me kuke yi?"

"Mu karyo ganye mu jera a titi, na baya ya rage gudu."

"To duk inda ka gan shi, tsaya ka kwashe."

"Wa zai mutu?"

"Titi zai zaɓa."

"In dai baƙo ne..."

"Yaro, ba kasuwa ka zo ba. Ko ka ɗauka ko ka sauka."

Ya ɗauka. Wata tifa ta mutu a kwana, ya kwashe ganyenta, ɗan acaɓa ya shige ƙarƙashinta. Damina ba ta fita ba sai ga Daudu da sabuwar bas. Ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Mu muna ta haƙa kabari.

Wata ranar kasuwa ya kwashe ganye a bayan wata motar gero da ta mutu a hanya. Ɗansa Muhsin na tafe a kan sabon babur, ya goyo ƙanwarsa Bahijja. Tabarma ɗaya ta ishe su.

A maƙabarta Daudu ya faɗi komai da bakinsa, ina tsaye. Matarsa Shatu ta zauce, tana tare motoci tana leƙa fuskokin fasinja. Bas-bas ɗin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu wuni yake yana karyar rassan dogonyaro yana jerawa a titi inda babu abin da ya lalace. Direbobi sun saba. Su ce, "Mahaukacin nan ne," su ƙara wuta. Makon jiya Joseph bakanike ya jera ganye na gaskiya, ya kwanta a ƙarƙashin motar da yake gyarawa. Babu wanda ya taka birki.

Ku masu gaggawar arziki, ku ji ni. Daudu ya nemi motoci, ya binne 'ya'yansa, kuma har yau mu da ba mu nemi komai ba muna binne namu.