Minti Uku da Na Buɗe Babban Reshe

Dab da magariba na koma ofis, bayan kowa ya tashi. Aikin da ya kai ni bai fi na minti biyar ba: rufe asusun Yaya, ɗan'uwana, a ma'ajiyar aikinmu ta kwamfuta. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, kuma wata biyu ke nan mai kamfanin yana min magana a kai, ni kuma kullum sai in ce masa gobe. Ranar dai ya ce, "Auta, don Allah ki gama da shi yau." Shi ma Auta yake ce min, saboda sunan da ya ji Yaya yana kira na da shi ke nan. Na ce to. Amma ba zan yi a gaban mutane ba, a taru ana kallona ina sharce majina. Ni da ake tsoron bakina a ofishin nan? Allah ya kiyaye.

Bari in yi wa wanda ba ɗan sana'ar ba bayani a gurguje. Manhaja muke rubutawa, wadda ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen tura wa majinyata saƙon tunin ranar zuwansu. Duk gyaran da mutum ya yi sai ya ajiye shi a ma'ajiya, da sunansa, da lokaci, da ɗan bayanin abin da ya yi. Ajiya kan ajiya, shi ne tarihin aikin. Kowa yana da reshensa da zai yi ta ɓarnarsa a ciki, ya goge, ya sake, babu ruwan kowa. Amma babban reshe, wanda kowa ya riga ya ɗauka ya ɗora aikinsa a kai, a kulle yake. Za ka iya ƙarawa a sama. Ba za ka iya komawa baya ka goge ba. Da Yaya ya rasu, ikon buɗe makullin ya dawo hannuna ni kaɗai.

Yaya ne ya fara aikin, shekara shida da suka wuce, kuma ajiyarsa a ciki ta haura dubu huɗu. Guda ɗaya ce ta gama da shi. Wata huɗu kafin rasuwarsa ya canza layi ɗaya, saƙonni suka tsaya cak har kwana biyu babu wanda ya lura. Wani dattijo mai wankin ƙoda bai je asibiti a ranarsa ba, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Babu wanda ya iya cewa rashin saƙon ne sanadi, amma Yaya ya yanke wa kansa hukunci. Ya gyara layin, ya rubuta a bayanin: "Kuskurena ne. Na gyara. Allah ya yafe min." Daga nan ya daina magana, ya daina cin abincin kirki, bayanansa suka koma kalma ɗaya, "gyara", "gyara". Wata safiya zuciyarsa ta tsaya. Wallahi har yau in na tuna ramar da ya yi, sai in ji ƙirjina kamar zai tsage.

Na gaisa da mai gadi yana alwala a bakin ƙofa, na hau bene. Fitilar matakala ta mutu tun makon jiya, sai na haska da waya. A cikin ofis babu abin da ke motsi sai fankar wata babbar na'ura da ke kusurwa tana huci. Warin ƙura da na ragowar shayi a kofuna. Hasken taga ya yi ja, yana ja da baya.

Na zauna a teburina, na kunna kwamfuta. Teburin Yaya yana bayan katakon da ya raba mu, wanda tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. Ban kalli wurin ba. Wata biyu ban kalla ba.

Na buɗe shafin asusunsa. Na kai linzamin kwamfuta kan wurin rufewa.

Sai wani saƙo ya faɗo a gefen allo: an yi ƙoƙarin sake rubuta tarihin babban reshe, an ƙi, reshen a kulle yake.

Na duba sunan wanda ya yi ƙoƙarin. Yaya.

Na ce a raina, wani ɗan iska ne ya sace masa asusu, zai gamu da ni. Kafin in gama tunanin wani saƙon ya sake faɗowa. An ƙi. Sai wani. An ƙi.

Sannan na ji ƙamshin. Man zafin nan da yake shafawa a goshi in kansa na ciwo, mai shiga ido.

Sai ƙarar madannan kwamfuta daga bayan katako. Kas, kas, kas. Madannansa ne, tsofaffin nan masu ƙara da ya ƙi yarda a canza masa. Na san su. Ni da kaina na naɗe wayarsu na sa a kwali.

Kujerarsa ta yi ƙara, irin ta wanda ya jingina.

"Auta."

Can ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tada barci.

Addu'ar da na sani tun ina yarinya ta gudu ta bar ni.

"Auta, buɗe min."

"Yaya?" Ban ma san na faɗa ba.

"Layi ɗaya ne. Zan cire shi kawai. Na kasa kwanciya, Auta. Kullum sai an karanta min shi."

Ku da kuke karantawa za ku ce me ya hana ni gudu. Ku faɗa, ba ku yi laifi ba. Amma ba ku ga mutumin nan yana juya cokali a kwano har abinci ya huce ba. Ba ku ji abokan aikinsa suna rage murya in ya wuce ba. Wata huɗu ina neman abin da zan yi masa ban samu ba, yau ga shi yana roƙona abu ɗaya da ke hannuna.

"Ni kaɗai gare ki," in ji muryar. "Ba za ki taimake ni ba?"

Hawaye suka rufe min ido. Na shiga wurin makullin. Na sa kalmar sirri.

Na buɗe.

Madannan suka tsaya. Shiru, har fankar na'urar ma kamar ta riƙe numfashi.

Sai suka ɓarke. Ba hannun mutum ba ne wannan. Ko mutum goma ba za su yi wannan saurin ba.

Na buɗe tarihin don in ga layin yana fita. Yana nan daram, ba a taɓa shi ba. Na gangara can ƙasa, zuwa tushe, sai na ga daga nan aka faro.

Ajiyar farko ta ce: "Bismillah, mun fara. Kwamfuta ɗaya da kujera mai ƙafa uku." Ina kallo ta ɓace.

"Na gyara shafin shiga. Yau wata ta ce min a tashar mota ba ta magana da masu gilashin ido. Gobe zan cire shi in koma." Ta ɓace.

"Jibi aurena. Duk wanda ya taɓa aikin nan kafin in dawo, ni da shi ne." Ta ɓace.

"Auta ta fara aiki yau. Ta riga ta yi faɗa da mutum biyu. Ina alfahari." Ta ɓace.

"Yaya, ba nan ba ne!" na ce. "Ka wuce wurin, ba nan ba ne!"

"Na sani," in ji shi. Muryar ta yi kauri, kamar mai magana da baki cike.

Lissafin da ke saman allo yana zubewa. Dubu uku da ɗari takwas. Dubu uku da ɗari biyu.

Sai wata ajiya ta hau gaban idona, ta shekara biyar baya. Na san ta, na sha karanta wa sababbin ma'aikata ita: "Na kulle babban reshe. Abin da mutane suka riga suka ɗauka ba a sake rubuta shi, ko na wane ne, ko nawa ne. Wanda ya yi kuskure ya ɗora gyara a sama ya sa sunansa."

Shi ya sa makullin da hannunsa. Wata huɗu yana da ikon buɗewa, yana ramewa a gabansa, bai taɓa ba.

Ita ma ta ɓace.

Wannan da ke bayan katako ba yayana ba ne.

Na koma wurin makullin. Kalmar sirri. Na yi kuskure.

Madannan suka tsaya.

"Auta. Me kike yi?"

Na sake bugawa. Kuskure. In na yi na uku, ni ma za a rufe ni a waje.

Kujerar ta ja baya.

Abin ya miƙe. Ya wuce katakon. Ya ci gaba da miƙewa. Na ji kansa ya gogi silin, ƙura ta zubo min a hannu.

Ƙamshin man zafin ya gushe. Wari ya maye gurbinsa, irin na wayar wuta da ta ƙone.

Madannan suka ci gaba da bugawa, shi kuma yana tsaye a kaina.

Ɗari tara. Ɗari biyar.

Ban ɗaga kai ba. A gilashin allo na ga inuwarsa, ga rigar Yaya, ga kafaɗun Yaya, amma wurin fuska fili ne sumul.

Sanyi ya sauka a wuyana. Yatsu. Dogaye.

"Saura kaɗan," ya raɗa.

Na ce bismillah, ita kaɗai ta dawo min. Na buga harafi ɗaya-ɗaya, da yatsa ɗaya.

An kulle.

An ƙi. An ƙi. An ƙi. An ƙi.

Ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, fitilun ofis suka kawo gaba ɗaya suka ɗauke. Na fizge. Mayafina ya tsaya a hannunsa, na bar masa. Ban san yadda na sauka matakalar ba, na dai tsinci kaina a ƙasa gwiwa na jini, takalmi ƙafa ɗaya. Mai gadi ya sallame salla ke nan, ya zabura yana salati. Ya hau da tocila ya duba. Babu kowa, in ji shi, sai mayafina a ninke tsaf a kan teburin marigayi.

Minti uku reshen ya yi a buɗe. Washegari na duba, ajiyar Yaya saura ɗari da tara. Ta farkonsu ita ce layin kuskuren. Sai ta neman gafara, sai "gyara", "gyara", har ƙarshe. Aikin kansa yana tafiya lafiya, babu abin da ya lalace, sunan mai shi ne da maganarsa kawai babu. Na bi kwamfutocin ofis ɗaya bayan ɗaya, don kowa yana da kwafin tarihin a wurinsa. Duk daga layin kuskuren nan suka fara.

Na je wurin mai kamfanin na faɗa masa komai. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Auta, ki ɗauki hutu. Na san ɗan'uwanki ne, amma ai bai daɗe da mu ba. Wata huɗu ne ko biyar? Allah ya jiƙansa, aikin ne bai karɓe shi ba." Mutumin da suka fara tare a kan kujera mai ƙafa uku. Na miƙe na fita.

Mama da sauƙi, tana tuna yarintarsa, har makarantarsa. Abin da ya biyo baya kuwa, sai ta murza goshi ta ce tsufa ne.

Na rufe asusun. Makullin kuwa na sa an mayar da shi sai mutum uku sun yarda kafin ya buɗu, kuma na cire kaina daga cikinsu.

Ranar hutun ƙarshen mako na je wurin matar Yaya. Na same ta a ɗaki tana ninke kayansa za ta bayar. Ta ba ni ruwa, muka zauna a bakin gado. Ta daɗe tana shafa wuyan wata rigarsa, sannan ta ce, "Auta, zan tambaye ki wani abu, don Allah kada ki ji haushi."

"Ina jin ki, Anti."

"Me na gani a wurin yayanki na aure shi? Wallahi na yi ta tunani. Abin da nake tunawa kawai, mutum ne a zaune yana kallon bango. Ko maganarsa mai daɗi guda ɗaya na nema in riƙe, ban samu ba. Ina so in yi kuka yadda ya kamata, abin ya ƙi."

Na riƙe hannunta na fara ba ta labari. Yadda ya yi sati yana zuwa tashar mota babu gilashi, yana karo da mutane, har ya gaida wata tsohuwa yana zaton ita ce. Yadda yake wanke mata kwanuka yana ɓoyewa kada Mama ta ji. Waƙar banzan da yake yi mata in ta yi fushi. Na yi ta zuba har muryata ta dushe, ina kuka ina faɗa, ita kuma tana saurare cikin ladabi, tana gyaɗa kai.

Da na gama ta miƙo min gefen mayafinta in share fuska.

"Allah sarki," ta ce. "Na so a ce na san mutumin nan."