Wasiƙun da Almakashi Ya Ci

Da hantsi suka zo, mutum biyu daga banki, ɗaya da takarda, ɗaya da gam. Maman Auta tana kan keken ɗinki a falo, kafin ta fito sun manna a ƙofa sun juya. Kwana goma sha huɗu, in ba a biya ba a yi gwanjon gidan!

Ta bi su har titi, abin awo rataye a wuya. "Wane bashi? Wallahi wata ashirin ke nan da rasuwar maigidana, ban taɓa tsallake wata ba!"

"Baiwar Allah, wata ashirin ko sisi bai shigo ba."

Da bashin banki marigayi ya sayi gidan, ɗaki biyu da falo, ga zanen tsayin Auta nan a jikin bango da ya riƙa yi da fensir. Da ya rasu sai wansa ya ce harkar banki ba ta mata ba ce, ta riƙa ba shi yana kaiwa. Duk ƙarshen wata ta ƙulle kuɗi a ƙyalle ta miƙa masa da hannu biyu. 'Yan kunnenta suka tafi, firij ya bi su, sau biyu ana koro Auta daga makaranta. In wasiƙar banki ta zo shi ke dubawa, don karatunta bai wuce lambobin awo ba, ya ce talla ce, ya jefa kwandon shara.

A shagonsa na kayan gini ta sami wan mijin nata.

"Yaya, ina kuɗin marayu?"

"Wane kuɗi? Kina da shaida?" Ko ɗagowa bai yi ba. "Ki godewa Allah, akwai ɗaki a bayan shagon nan, in an fitar da buhunan siminti zai ishe ku."

Kafin yamma dangi sun ji cewa ita ta cinye kuɗin tana neman shafa wa bawan Allah. Masu ɗinki suka fara zuwa karɓar yadinsu, kada a rufe gida da kayansu. Auta ta riƙe mata zane tana kuka: "Mama, in an kore mu, bangon Baba fa?" Ta rungume ta, hawaye na zuba. "Ya Allah, Kai ka ga hannun da na miƙa..." Sai ta share fuska. Ba ta sake kuka ba.

Wata nas da take wa ɗinki ce ta kwatanta mata ofishin da ke taimakon masu gidajen da banki zai ƙwace. Kwana uku tana bin layi kafin ta zauna gaban wata lauya mai farin gilashi.

"Rasit?"

"Babu."

"Wasiƙun bankin fa?"

"Ya zubar..." Sai ta tuna. "A'a! Na tsince su."

Takardar banki kauri gare ta, tela kuwa ba ya ganin takarda mai kauri a shara ya wuce. Da su take yanka samfurin wuya da hannun riga, tana ɗorawa a kan yadi. Washegari ta juye leda guda a tebur. Lauyar ta dafe kai. "Maman Auta, wasiƙa na ce, ba kayan aure ba!"

"Ni na yanka su, ranki ya daɗe. Na san inda kowanne ya fito."

Ta zauna. Wannan wuya daga cikin wancan hannu ya fita, wannan aljihu gefensa ne. Tana haɗawa, lauyar na bi da salatif, har azahar. Wasiƙa uku suka tashi. Lauyar ta karanta, ta cire gilashi, ta sake mayarwa.

"Bashin nan da inshora. Ranar da mijinki ya rasu bashin ya mutu tare da shi, takardar shaidar rasuwa kawai ake so. Ga kuma bankin yana gode wa wakilinku, da sunansa, da ya sanar da su maigidan yana raye, tafiya ya yi."

"Innalillahi... Ƙaninsa fa! Shi ya ɗauki makararsa!"

Da aka bincika, sunan yaron shagonsa ne farko a masu neman sayen gidan. A kotu wan mijin ya fara rantsuwa, aka ɗaga masa wasiƙar nan mai siffar hannun riga. Aka ɗaure shi, aka sayar da kayan shagon aka biya ta. Dangi suka zo ban haƙuri, kawunansu a ƙasa. Ta ba su ruwa.

Ranar da takardar gida ta shigo hannunta, ta jiƙa tsumma ta ɓamɓare ta gwanjon daga ƙofa a hankali, don kada ta yage. Ta murza ta da yatsa. Mai kauri ce.

"Auta, miƙo almakashi. Rigar makarantarki na son sabon wuya."