Rijiyar Bayan Gidan Haya

Ana gab da kiran sallar magariba, Alhaji Dallatu yana tsugune a tsakar gidansa da ke gefen Gezawa, ya ɗauki buta zai yi alwala, sai wani abu ya dira kan rufin kwano ya gangaro gabansa. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne ke jifar tsuntsaye. Da ya duƙa ya duba, sai ya ga hoge ne, dunƙulen ƙasa, jiƙe sharkaf da ɗanyar ƙazanta. Wani ɗoyi ya tashi ya cika gidan. Matarsa Fanta ta fito daga madafa da bakin zane a hanci, ta dube shi, ya dube ta.

Dallatu manomi ne. Da ya sami wadata, ya gina gidan haya a bakin titin Kano, yana zaton ya sama wa tsufansa hutu. Ashe wahala ya gina. Yau rufi na yoyo, gobe ƙofa ta ɓalle, jibi matan 'yan haya sun kaure a kan igiyar shanya, duk a ƙofar zaurensa ake sallama. Ga shi shekarun sun yi tsanani, taki ya gagari manomi, kwanon masara ya gagari magidanci, kowa ransa a wuya. Da abin ya ishe shi, sai ya damƙa gidan ga Nababa, wani dillali da ya buɗe ofis yana kula da gidajen mutane. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: kada wani ɗan haya ya ƙara tako masa ƙofa. Nababa kuwa ya cika alkawari.

Jifar ba ta tsaya ba. Da rana ta yi ja, sai hoge ya fara sauka, kowanne da irin tasa ƙazantar. Tuwo ya sauka da kyau, kafin a kai loma baki ya ɗauki warin shadda. Ruwan randa ya koma ruwan kwata. A cikin shirun almuru sukan ji tarin tsohuwa daga gindin katanga, da kukan jariri can ƙasa, kamar daga cikin rami. Dallatu ya daina cin abinci a gida, ko yawunsa ƙyama yake ba shi.

Ran nan da yamma 'yarsa Sakinatu tana wanke-wanke, sai ta miƙe tsaye ƙiƙam, ta shiga kakkaɓe jikinta kamar mai cire wani abu da ya manne mata. Ta yi ta kakarin amai. Da uwarta ta kama ta, ta juyo da idanun da ba nata ba.

"Sake ni," in ji wata dasasshiyar murya. "Duk warinku ɗaya."

Aka aika garin Zakirai aka ɗauko Malam Ja'afaru, dattijo mai ruƙiyya, wanda ba ya duka ba ya tsawa. Ya zauna kan buzu, ya sa mata suka riƙe yarinyar, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Can sai jikin Sakinatu ya sandare.

"Wace ce ke?" in ji malamin.

"Sunana ba na bakinka ba ne. Ni ce mai tsohuwar rijiyar da ke bayan gidan hayar wancan mutumin. Da ya zo gini mun gan shi, muka ƙyale shi. Ba mu taɓa tsorata masa ko kaza ba."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Ka tambayi ubanta inda shaddar gidan hayarsa take zuba. Ta cika ta tumbatsa, maimakon a kira masu kwasa, sai aka haƙa kwata aka juyo mana ita. A ka take sauko mana, a shimfiɗarmu, a abincinmu. Jikana har yau bai buɗe ido ba."

Dallatu ya matso. "Wallahi ban sani ba," ya ce. "Wakili na sa, shi ne..."

"Wakili!" Muryar ta yi wata dariya mai kama da tari. "In aka tambayi gidan wane ne, sunan wakili ake faɗa? Ka sa a toshe maka kunne, an toshe. Mu hanci muka zo buɗe maka. Yarinya kuwa na riƙe ta, a madadin idon jikana."

"Ba za ki riƙe ta ba," in ji Malam Ja'afaru, bai ɗaga murya ba. "An zalunce ki, gaskiya ne. Amma wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Faɗi abin da zai gyara miki gida, ki fita."

Sai muryar ta ce:

"Ya yashe rijiyar. Da hannunsa. Kada ya wakilta kowa."

"Na yarda," in ji Dallatu.

Malam ya sa ta ɗauki alkawarin fita, ya ci gaba da karatu. Sakinatu ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta buɗe ido tana tambayar me ya tara mutane.

Washegari Dallatu ya tafi gidan hayar. Tun daga bakin titi warin ya tare shi. Tsakar gidan ta zama taɓo baƙi, tsutsa na yawo a gindin ɗakuna, ƙudaje sun rufe kwanonin da aka kife, yara na tsallake kwata da ƙafafu duk ƙuraje. Ya jingina da bango ya amayar da abin da ke cikinsa. Nababa ya iso da farar shadda a jiki da ƙamshin turare, ya fara bayanin tsadar man mota. Dallatu ya karɓi makullansa, bai ko dube shi ba.

Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu. 'Yan haya suka fito suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa a cikinsu, Hure, ta matso ta miƙa masa bokiti.

"Alhaji, tun bara muke aiko maka da kuka," ta ce. "Ashe laifinmu ne da muka zo a mutane."

Dallatu ya karɓi bokitin, ya sunkuyar da kai, ya zura ƙafa cikin rijiyar.