Gaiwar Malama Jumai

Da rani suka haɗu, a fadamar da ke hanyar Guri, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar taɓo ya bushe ya daddare. Masunta na haƙar gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka har damina ta dawo. Jumai, sabuwar malamar ilimin halittu a wata sakandare a Haɗeja, tana tsugune gaban wani masunci tana roƙo.

"Don Allah baba, kada ka fasa ƙasar. Da ranta nake so, da ɗakinta duka."

Wani saurayi da ya tsayar da babur ya kasa yin shiru. "'Yar'uwa, ku da laka kuke miya?"

Ta ɗago za ta harare shi, sai hararar ta ƙi fita. Ta san fuskar. Nathaniel ne, malamin gona, mai ba da waƙa a majami'arsu.

"Ɗalibaina zan kai wa. Huhu gare ta, iska take shaƙa kamar ni da kai."

"To Allah Ya sa ba ta fi ni murya ba."

Shi ya goya ta zuwa gari, bokitin laka a tsakaninsu. Kafin ta shiga gida saƙonsa ya iso: "Malamata, a gaida mini gaiwa. A ce mata ina kishi, ita aka runguma har gida."

Kafin ruwan farko ya sauka maganar aure ta yi nisa. Jumai da mahaifiyarta mutanen Filato ne, su biyu rak tun rasuwar uban. Nathaniel kuwa ɗan Baba Istifanus ne, mutumin kudancin Kaduna, dattijon ikilisiya da ko Fasto ba ya tsallake maganarsa. Tsohon ya karɓi Jumai hannu bibbiyu, har yana kiranta 'yata.

Ana nan sai darasin juyin halitta ya zo. Jumai ta ɗora gaiwar a gaban aji, ta ce halittu suna sauyawa sannu a hankali cikin shekaru masu ɗimbin yawa, kuma dabbobin tudu daga dangin irin wannan kifi suka samo tushe. Abin da ta faɗa ke nan. Amma magana idan ta bi ta bakin yara, ƙafa take yi da fiffike. Kafin ta isa kunnen Comfort, mawaƙiyar da ta daɗe da sa ido a kan Nathaniel, ta koma: Malama ta ce gaiwa ce ta haifi Adamu. Comfort ba ta ƙara ko gishiri ba, ta dai tabbatar kowace mace a zumuntar matan majami'a ta ɗanɗana.

Baba Istifanus ya kira Jumai. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Malama," ya ce, yau babu 'yata, "Littafin Farawa ya ce a kwana shida aka yi halitta. Ke me kika ce?"

"Baba, na gaskata Allah ne Mahalicci. Amma na ga shaidar cewa Ya bi da halitta ta hanya mai tsawo."

"Jikokina ba za su tashi a hannun mai gyara wa Allah magana ba. Ran Lahadi bayan sujada, ki tsaya gaban dattawa ki ce ba ki yarda da abin nan ba, aikin gwamnati ne ya sa ki koyar da shi. In kin faɗa, a sa rana. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa."

Ta fito ta kama hanyar gida. Tana cikin Keke Napep saƙon Nathaniel ya shigo.

"Malamata, kada ki damu. Ki ce musu don jarrabawa kike koyarwa, shi ke nan. Abin da ke zuciyarki ai naki ne. Minti biyu ne, mu samu rayuwarmu."

Wannan saƙon ya fi maganar tsohon yi mata ciwo. Washegari da yamma ta same shi a bakin gonar shinkafa.

"Nat, kai da bakinka ka ce maganin da ya kashe ƙwari a da, yanzu wanka suke da shi. Me ya faru da su?"

"Sun saba."

"Ba sabo ba ne. Masu rauni sun mutu, masu juriya sun haihu. Kana ganin abin a gonarka kullum."

"Jumai, ƙwaro daban, mutum daban! Ni ba muhawara na zo yi ba. Ke nake so. Kalma ɗaya ta fi ni a wurinki?"

"Ba kalma ba ce, ƙarya ce. A ɗakin Ubangiji. Da bakin da zan yi maka alkawari da shi."

Ya kau da kai. Ta juya tana kuka.

A gida ma babu sauƙi. "Ke da kifi za ki zauna?" in ji mahaifiyarta. "Mu baƙi ne a garin nan, majami'ar nan ita ce danginmu. Ki faɗi abin da suke so mana, Allah Ya san zuciyarki."

"Mama, don Ya san ta ne na kasa."

Abinci ya ƙi shiga. Ta tuna shekarunta na jami'a, yadda ta yi ta fama tana zaton dole ta zaɓi ɗaya, Littafi Mai Tsarki ko ɗakin bincike, har ta daina zuwa sujada. Da hawaye ta dawo, da ta gane cewa duk abin da ta ƙara sani game da halitta, ƙara mata tsoron Mahalicci yake. Yanzu kuma ga shi ana so ta tsaga kanta biyu. Tana son Nathaniel, so mai tsanani, kuma ta sani sarai za ta iya rasa shi.

Ran Lahadi dattawa suka jeru a benci. Jumai ta tsaya a gabansu.

"Iyayena, ina neman gafara idan na ɓata wa wani rai. Ban taɓa cewa gaiwa ta haifi Adamu ba. Amma abin da nake koyarwa, na yarda da shi. Kuma na yarda Yesu ne Mai Cetona. Idan na ce muku ɗayan ƙarya ne, yaya za ku yarda da ni a kan ɗayan?"

Wani dattijo ya yi tsaki. Fasto ya sunkuyar da kai. Baba Istifanus ya ɗauki hularsa ya fita.

Damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya malale gonaki. Babu kira, babu saƙo. Aka karɓe ajin Lahadi na yara daga hannunta. Ta koma zama a bencin baya, tana jin muryar Nathaniel tana fita ba armashi, ita kuma ta kasa ɗaga ido.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Baba Istifanus ne, wandonsa duk taɓo, Nathaniel a bayansa kamar wanda aka kama da satar kaza. Tsohon ya zauna, ya daɗe yana juya hularsa.

"Jiya yaron nan ya durƙusa a gabana ya nuna mini saƙon da ya aiko miki. Ya ce ba zai auri kowa ba sai ke, ko da zan cire shi daga 'ya'yana. Ɗana, da na koya wa Dokoki Goma a kan cinyata, shi ya ce ki yi shaidar zur. Kuma ni na buɗe masa ƙofar." Ya share ido. "Da kin yi mini ƙarya, da tuni na yi rawa a bikinki, ina murna an cuce ni."

"Baba..."

"Tsaya. Ban yarda da kifinki ba. A kan kwana shida zan mutu. Kuma jikokina za su ji nawa."

"Za su ji, Baba. Za su ji nawa ni ma."

Tsohon ya kalle ta, ya girgiza kai. "Kai Nathaniel, ka ɗebo ruwan dafa kanka."

Nathaniel ya matso ya durƙusa. "Malamata, tsoron rasa ki ne ya sa na nemi ki rasa kanki. Ki yafe mini."

"Ka bar ni ni kaɗai gaban dattawa, Nat."

"Na bar ki. Ba zan ƙara ba."

Ta yi kuka mai isarta kafin ta miƙa masa hannu.

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure. Ba kowa ya zo ba. Wasu dattawa sun ƙi, har suna cewa Istifanus ya sayar da gaskiya don suruka, kuma kowa ya san kujerarsa ta dattijo tana rawa. Jumai ta ga guraben da ke bencin gaba, abin ya soke ta. Amma mawaƙa sun cika, har da Comfort, mahaifiyar Jumai kuma ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Da aka zo sa albarka, tsohon ya ɗora hannu ɗaya a kan ɗansa, ɗaya a kan Jumai.

"Ya Ubangiji, ni da 'yata ba mu daidaita a kan yadda Ka yi mu ba. Amma mun daidaita a kan Kai ne Ka yi mu. Ka ba su zaman lafiya da zuriya mai faɗin gaskiya. Wanda ya yi kuskure a cikinmu, ni ko ita, Ka gafarta masa."

Majami'a ta amsa da amin. Jumai ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya riga ta.