Taku Arba'in na Ilu Mai Awo

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba labarin da ake ihu a kansa ba ne.

A Rafin Ɗinya an yi wani mutum, Ilu Mai Awo. Shi ke auna fili in za a saya ko za a raba gado. Gida gare shi makeke, na gadon ubansa, kuma ba shi da hira sai ta gidan nan. Ko bulo ɗaya bai taɓa ɗorawa ba, amma in ya ga ɗan haya sai ya yatsine fuska kamar ya taka kashin kaji. Ni dai ban taɓa ganin wofi irinsa ba.

Shekarar da ambaliya ta cinye unguwar gangare, dattawan gari suka zauna kan sayen filin bayan gari daga hannun magada. Wata biyu ana ja-in-ja. Wasu suka ce a share shi duka, a gina wa waɗanda suka rasa matsuguni gidaje masu sauƙi. Wasu suka ce kurmin da ke cikinsa shi ke riƙe ruwan rijiyoyi, in an sare shi kowa ya sha ƙishi. Daga ƙarshe aka raba: gabas gidaje, yamma kurmi, kada wanda ya karya ko reshe. Aka kafa turke a tsakani, aka ce Ilu ya fitar da filayen.

Gogan naku ya dubi turken nan, ya ga in ya matsar da shi cikin kurmi, fili guda zai ƙaru. Sai ya sa sunan surukinsa a kai, ya zama nasa, wa zai sani? Ranar Juma'a, kowa ya tafi masallaci, shi kuwa ya ɗauki igiyar awonsa ya yi bayan gari. Ko kunyar Allah bai ji ba.

Rana tsaka. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Ya tuge turken, ya shiga ƙidaya taku. Yana kai arba'in ya tsaya, yana neman inda zai ɗaura bakin igiya. Sai ga wani tsoho tsaye a gindin ɗinya, da farar riga, ya miƙo hannu.

Ilu bai ko gaishe shi ba. Ya cilla masa igiyar, ya ce ya riƙe da kyau, kada ya ɓata masa aiki.

Tsohon ya riƙe. Bakinsa ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe sannan maganar ta iso.

"Taku nawa ka shigo?"

"Ina ruwanka, baba? Riƙe kawai."

Ilu ya sunkuya zai buga turke, idonsa ya sauka a ƙafar tsohon. Busassun ganyen da yake tsaye a kai ko lotsawa ba su yi ba. Tururuwa na bi ta ƙarƙashin tafinsa suna wucewa abinsu.

"Arba'in ne," in ji muryar. "Na ƙidaya. Mu ma muna awo."

Ilu ya zura da gudu, ya bar takalmi ɗaya a wurin. Amma kun san mai kwaɗayi. Da ya kwana biyu bai mutu ba, sai ya ce zafin rana ne ya taɓa shi. Ya kai wa dattawa takardar awo, aka sare bishiyoyin da ke cikin takun nan arba'in, magina suka fara aiki.

Juma'ar da ta zagayo, matarsa Ladiyo ta ce masa tabarmar tsakar gida ta daina shimfiɗuwa, sai an naɗe gefe. Ya ce mata sakarci ne. Wata Juma'ar, turmi ya manne da katanga. Wata kuma, aka nemi ɗakin ajiya aka rasa, bango ne kawai a shafe. Daga waje gida na nan yadda yake. Daga ciki kuwa, duk Juma'a taku ɗaya ke tafiya.

Ya sha rubutu, ya yi hayaƙi, ya yanka baƙin bunsuru. Wani malami ya gaya masa gaskiya, ya ce ya je gaban dattawa ya faɗi abin da ya ɗauka. Ilu ya ce shi bai ɗauki komai ba. Ku ji fa. Gidan ubansa na narkewa a idonsa, amma ya fi tsoron a kira shi ɓarawo a dandali.

Ladiyo ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu. Juma'a ta arba'in, Ilu ya farka kansa na taɓa bango, ƙafarsa na taɓa bango, kafaɗunsa ma haka. Da rarrafe ya fito.

Mai raina 'yan haya, ga shi gaban Malam Haladu, shugaban dattawa, yana roƙon a sam masa ɗaki cikin sababbin gidaje. Malam Haladu ya ce duk an raba, saura ɗaya, na can ƙarshe, mai sunan surukin Ilu, wanda kowa ya ƙi shiga. Ilu ba shi da wani wurin. Ya ɗauki buzunsa ya tafi.

Da almuru aka yi sallama. Ya leƙo. Tsohon ne, riƙe da dogon kara, irin wanda ake gwada mamaci da shi kafin a haƙa masa kabari. Bakin ya motsa, ya rufe.

"Gidanka mun gama, maƙwabci, saura kai. Tsaya da kyau."

Ya jingina karan a jikin Ilu, ya karya shi daidai tsayinsa, ya danƙa masa a hannu, ya ce ya ajiye, za su aiko.

Ilu na nan da rai. Ya gudu daga gidan, yana kwana a rumfar tasha, karan na gefensa, don ya jefar da shi ya fi sau goma, kullum sai ya farka ya gan shi. Duk Juma'a sai ya miƙe ya gwada tsayinsa da shi, ya ga ko shi ma ya fara raguwa, yana kuka.

Saboda haka in an aike ku bayan gari, ku bi ta gabas. Kada wanda ya ratsa ta bakin kurmin nan shi kaɗai da rana tsaka, kuma in kun ga turke, ku bar shi inda kuka same shi.